Fatawar da Na Ba Yaya Dije

Wannan babin shi ne na yi ta ɗagawa. Na rubuta muku labarin gidanmu na Sara, na rubuta zuwana Birnin Kudu da amarci, na rubuta yadda babanku, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ni ya koya mini karatu har mata suka fara kirana Malama, duk alƙalami yana gudu. Da na iso nan sai ya cije. To amma kun sha tambayata, kai Sani da ke Bilki, abin da ya shiga tsakanina da yayarku Habiba, matar da a da ba ta yin wata guda ba ta hawo mota daga Sara ta zo ta kwana a ɗakina ba, ga shi yau shekara uku ba ta shigo gidan nan ba. Kullum nakan ce muku ba komai. Akwai komai. Kuma Bilki, ki daina cewa girman kai ne da ita, domin a wannan magana ita ce mai gaskiya.

Uwar Habiba ita ce Yaya Dije, wadda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara shida. Kun san ta, amma kun fi tuna ta a cikin ciwo fiye da lokacin da take da ƙarfinta. Mace ce mai jiki, mai murya, in ta yi dariya a bayan gida ana ji a zaure. Sana'arta daddawa, kuma duk ƙasar Gwaram in aka ce Dije mai daddawa ba a tambayar wacce. Ba ta yi karatu ba, sai na salla. Saboda haka take ganin girmana fiye da yadda ya kamata babba ya ga girman ƙaninsa. In na ce littafi ya ce, to magana ta zauna. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, ina jin daɗin hakan ƙwarai. A lokacin bakina ya fi yanzu kaifi, kuma kaina ya fi yanzu girma.

Wata ranar Laraba cikin watan Sha'aban ta iso da hantsi, ta tarar ina karantar da mata a gindin darbejiyar tsakar gida. Ta ajiye ƙullin daddawar da ta kawo mini, ta zauna gefe har aka tashi. Da mata suka watse sai ta jawo ni ɗaki ta saki labule.

"Saude, wata magana ce ta kawo ni, kuma ba na son ta fita ɗakin nan," in ji ta. "Kin san shekara takwas ke nan da na gama da al'ada. To ga shi ta dawo. Ba da yawa ba, ɗis-ɗis, yau a gani gobe babu. Ga azumi ya ƙarato. In ɗauka ko in ajiye? Sallar ma ban san matsayina ba."

A littattafan fiƙihun da muka karanta, macen da ta haura hamsin amma ba ta kai saba'in ba, in ta ga jini, cewa aka yi a tambayi mata masana, su za su faɗi ko haila ce ko ba ita ba. To a unguwarmu ni ce matan nan. Na gyara zama kamar alƙali, na tambaye ta launinsa, na tambaye ta warinsa, na tambaye ta kwana nawa yake yi. Ta ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya, kanta a ƙasa, babbar mace da jikoki.

"Wannan ba haila ba ce, Yaya," na ce mata. "Jinin ciwo ne. Ki yi tsarki, ki riƙa sake alwala kowace salla, ki ɗauki azuminki."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta sauke ajiyar zuciya. Har ta miƙe sai ta juyo. "To ba sai na leƙa asibitin nan naku ba? Tunda dai ga ni a garin."

Ku da kuka tashi a gidan nan kun san nisan asibitin daga ƙofarmu. Mutum zai ɗora ruwan shayi ya je ya dawo bai ƙone ba. Ga abin da na ce wa yayata, kuma ban rage ko harafi ba:

"Wane irin asibiti kuma? Da girmanki ki je ki kwanta gaban yaran da kika haifa, a kan abin da littafi ya riga ya warware?"

Ta yi dariyar nan tata, ta ce wallahi ita ma abin da take gudu ke nan. Muka ci tuwo, na raka ta tasha.

Ina so ku fahimci wani abu a nan, kada ku ɗora wa littafi laifi. Daga baya na bi malamai na tambaya, hukuncin da na ba ta na salla da azumi daidai ne. Littafi ya amsa abin da aka tambaye shi. Amsa ta biyun ce babu ita a kowane shafi, daga kaina ta fito, daga jin cewa in na tura ta wurin likita kamar na ce ilimina bai kai ba.

Da bazara ta sake dawowa. Ta ce abin yanzu yana zuwa da wani ruwa-ruwa mai ƙarni, ga bayanta yana riƙewa in ta daɗe a sunkuye kan tukunya. Na lura ta ɗan faɗa, amma na ce zafin gari ne. Na ce ta dafa bagaruwa ta riƙa zama ciki, na haɗa mata da addu'o'i. Ta sake roƙona kada Habiba ta ji, kada mijinta Malam Idi ya ji, don kunya. Na yi mata alkawari, kuma wannan alkawarin na riƙe shi da kyau, don ya yi mini daɗin riƙewa.

Sai bayan babbar sallar shekara ta biyu saƙon Habiba ya iso, cewa Inna ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu. Na hau mota na tafi Sara. Matar da na tarar a kan tabarma ba Yaya Dije ba ce, zanenta ya yi mata yawa, tafin hannunta fari fat. Nan take na ce a nemo mota a kai ta asibiti. Malam Idi, mutum mai sanyin hali, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Malama, ni tsorona ɗaya," ya ce. "In dai daji ne, kin san ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Mu bari a nemi na gargajiya tukuna."

Wannan magana ba shi ya ƙirƙire ta ba, haka kowa ya tashi ya ji a ƙauyukanmu, cewa ciwon daji ba a nuna masa ƙarfe. Na buɗe masa wuta, na kira shi da jahilci a gaban 'ya'yansa, ni da na san abin da na sani. Ya kauce ya ba da hanya.

A asibiti aka ƙara mata jini. Bayan kwana biyu likita, wani dattijo mai furfura a gemu, ya sa wani siririn ƙarfe ya kankaro ɗan abu daga cikin mahaifarta, bai kai ƙwayar wake ba, aka sa a kwalba da ruwan magani aka aika Kano. Muka yi makonni muna jira a gidan nan, a ɗakin da Bilki take sauka yanzu. Ranar da takarda ta dawo, ni da ita muka shiga, Habiba ta koma Sara duba yara. Likitan ya yi mana bayani a hankali. Ya ce cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa, ita ce take zubewa duk wata ga mace mai al'ada. Daga wannan shimfiɗar ciwon ya faro, ya ci bangon mahaifar, ya ƙetare shi, ya kama maƙwabta. Sannan ya ajiye takardar ya dube ta.

"Baba, yaushe kika fara ganin jinin nan?"

Na buɗe baki ke nan sai Yaya ta ɗora hannunta a kan gwiwata ta danna.

"An ɗan jima, likita," ta ce. "Ni ce ban faɗa wa kowa ba."

Ya girgiza kai. Ya ce wannan ciwon yana daga cikin masu yin sallama da wuri, kuma jinin nan shi ne sallamarsa. Matar da ta zo a watannin farko, sau da yawa cire mahaifar ake yi ta koma gida ta ci gaba da harkarta, da yardar Allah. Yanzu kuwa sai dai a rage mata raɗaɗi. Da muka fito na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ma ta riƙe hannuna a hanya tana cewa in yi a hankali da kwata. Har ta koma ga Allah, kafin damina ta faɗi, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da ido.

A zaman makoki ne ƙarya ta samu wurin zama. Mata suna shigowa suna fita, kowacce da abin da take faɗa ƙasa-ƙasa: ai da ƙafarta ta shiga mota, ai tunda aka sa mata ƙarfe ba ta ƙara tashi ba. Wasu suna satar kallona. Sai Habiba ta miƙe a tsakiyar ɗaki, idanunta jawur.

"Kada wanda ya ga laifin Inna Saude," ta ce. "Ƙauna ce ta sa ta kai ta. Likitocin da suka san aikinsu, su suka taɓa shi da ƙarfe."

Ina zaune da carbi a hannu, na ji ta sarai. Kalma biyu za ta gyara zancen, ban faɗe ta ba. Na ce wa kaina ranar makoki ba ranar wannan ba ce. Da aka yi arba'in na ce a bari zukata su huce. Haka na yi ta ba kaina hanzari har shekara goma sha bakwai. Na dai gyara karatuna, duk macen da ta zo mini da irin wannan tambaya nakan ba ta hukuncin salla in ce ta wuce asibiti, amma ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba. A Sara kuwa labari ya yi saiwa, har yaran da ba su san ta ba sun san cewa asibiti ne ya kashe Dije mai daddawa. Habiba ta gaji sana'ar uwarta, ta mai da ni uwa, duk wata tana tafe da ƙullinta. Shekara goma sha ɗaya ce kawai tsakanina da ita, ni na goye ta tana jaririya, kuma ban da ku babu wanda nake so a duniya kamarta.

Shekara uku da suka wuce, da hantsi, bayan mata sun watse, Habiba ta jawo ni ɗaki ta saki labule. Tun kafin ta yi magana na gane abin da ya kawo ta, don har yadda ta sunkuyar da kai irin na uwarta ne. Ta ce shekara biyar da ɗaukewar al'adarta, ga shi wata biyu ke nan tana ganin ɗis-ɗis.

"Ki yi sallarki," na ce mata. "Amma tashi za ki yi yanzu mu tafi asibiti."

"Haba Inna," ta ce. "Ni da na ga abin da suka yi wa uwata? Fatawa na zo nema, ita kaɗai. In kwanana ya ƙare, gara ya ƙare a ɗakina da jikina cikakke."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na jawo aya na jawo hadisi a kan neman magani. Tana ta murmushi tana cewa to Inna, to Inna, irin na wadda ta riga ta gama shawara. Da la'asar ta hau mota ta koma.

Kwana shida na yi ina juya abin. Lissafin ba mai wuya ba ne, ni ce dai ba na son amsarsa. Abin da ya tsaya tsakanin Habiba da asibiti labari ne, kuma duk duniya ni kaɗai na rage da na san labarin ƙarya ne. In na yi shiru, zan ci gaba da zama Innarta har ranar da za a kira ni in zo in ga zanenta ya yi mata yawa. In na faɗa, na san abin da zan rasa. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin kwana shidan nan akwai ranar da na zaɓi shirun. Rana ta bakwai na ɗauki mayafi na hau motar Sara.

Na tarar da ita a bayan gida tana wanke dafaffiyar kalwa a babbar ƙwarya, a daidai wurin da uwarta take zama. Ta yi murna, za ta tashi ta kawo tabarma, na ce ta zauna. Na tsuguna a gabanta na faɗa mata komai: Larabar Sha'aban, tambayar da uwarta ta yi mini a bakin ƙofa, amsar da na ba ta, bagaruwar bazara, da hannun da ta danna mini a gwiwa a gaban likita. Ban yi kuka ba, don na ga kukan zai zama kamar roƙo. Hannunta yana cikin ruwa, bai motsa ba har na gama.

"Wata nawa tsakani?" ta tambaya.

"Goma sha shida."

"Ita da bakinta ta ce a kai ta?"

"Da bakinta."

"Kuma kina zaune a ɗakin can, ranar makoki, kina jina ina kare ki."

"Ina jin ki."

Ta ci gaba da murza kalwar a hankali, ta tsiyaye ruwan, ta zuba wani. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ki tashi ki tafi, Inna, kada ki rasa mota."

Bayan kwana biyu aka yi sallama a ƙofar gida aka ce ana kirana. Na fita na ga Habiba tsaye a waje da jakarta, ta ƙi shigowa ko zaure.

"Ki zo ki raka ni," ta ce. "Ba don komai ba, don ki ji da kunnenki."

Wannan karon likitar mace ce. Aka yi mata hoton ciki, aka kankaro ɗan abin nan aka sa a kwalba, kamar dai na uwarta. Ta koma Sara ta jira, ranar da takarda ta dawo ta sake tsayawa a ƙofa na fito. Likitar ta zaunar da mu ta ce, can inda ake aikawa, yanka abin ake yi siriri fiye da ɓawon albasa, a rina shi, a sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, masanin wannan aiki ya duba ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shimfiɗar. Ta ce na Habiba sun yi kauri sun cunkushe, kamar gero da aka zuba iri da yawa a rami ɗaya ba a rage ba, kuma wasunsu sun fara sauya kama. Ba a kira shi daji ba tukuna, amma hanyar ya kama. Shawararta a cire mahaifar, a sake aikawa da ita a duba gaba ɗaya.

"Likita, ƙarfen da kuka sa mini bai tayar da shi ba?" in ji Habiba.

"A'a, Hajiya. Ƙarfen ɗebo mana ya yi don ido ya gani. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne a bar shi ya daɗe."

Habiba ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya, sannan ta ce a sa mata rana. Aka yi aiki lafiya. Da sakamako na biyu ya dawo aka ce abin bai taɓa bangon mahaifar ba. Na kai mata kunu a gadon asibiti, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta ce in ajiye a nan. Da aka sallame ta, daga asibiti tasha ta wuce. Tun daga ranar ban ƙara sa ta a ido ba, kuma daddawar da kuke ci a gidan nan ta kasuwa ce, in ba ku lura ba.

Yana yi mini ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Akwai ranakun da in mota ta tsaya a bakin layi sai na ɗaga kai. Amma ban yarda ɗayanku ya je ba ta haƙuri a madadina ba, kuma ban yarda a tura mata dattawa ba. Uwarta na hana zuwa inda za a cece ta, sannan na bar ta shekara goma sha bakwai tana gode mini. In ta yafe, alherinta ne. In ba ta yafe ba, ba ta ci haƙƙin kowa ba. Ke kuma Bilki, shekarunki suna matsowa. Duk ranar da kika ga abin da suka gani, ko ɗigo ɗaya ne, kin san inda za ki fara zuwa, kuma ba ɗakina ba ne.

A watan jiya wata mata da ban sani ba ta yi sallama da hantsi, za ta yi shekara sittin, ƙafarta duk ƙurar hanya. Ta ce daga Sara take. Ita ce ta huɗu da ta zo mini haka.

"Habiba mai daddawa ce ta aiko ni," ta ce. "Ta ce in faɗa miki, kada ki buɗe mini littafi, ki ɗauki mayafinki ki raka ni, kin san hanya."

"Tana lafiya?" na tambaye ta.

"Lafiyarta ƙalau. Na baro ta tana faɗa da masu kawo mata itace, ana jin muryarta har bakin titi."

"Ta ce a gaishe ni?"

Matar ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Na ce mata ba komai, ta sha ruwa tukuna. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafina, muka kama hanya.